Taku Goma Sha Biyu

Da can, in Tsuneo ya rataya kyamara
sai in ɗora shinkafa, in cire shi a raina.
Ya fita da duhu, ya dawo da duhu,
hanci ja, gira fari fat da ƙanƙara,
aljihu cike da fim.
Sai an kwana huɗu, an wanko a Kushiro,
zan ga abin da ya raba ni da miji.

Shekara arba'in da ɗaya muna haka.

Bara ɓarin jikina na hagu ya yi yaji,
ya tafi bai ce mini ga ranar dawowa ba.
Tsuneo ya sa kyamara a akwati,
ya koyi dafa miya, ya koyi taje mini kai.
Bai yi ƙorafi ba.
Amma in gauraki suka yi kuka ta saman gida
cokali kan tsaya masa a hannu.

Sai ga Kotoha, jikarmu, daga Sapporo,
da wani kati da bai wuce kan sarki ba.
Ta ce, Kaka, wannan ba ajiya kaɗai ya iya ba,
ɗan aike ne, ba ya neman igiya.
Ta zura shi a cikin kyamara,
ta ɗora mini allo mai haske a cinya,
ta sa sunan kyanwarmu da ta mutu ya zama mabuɗi.
Ya danna.
Wani ɗan zobe ya yi ta juyi, ya yi ta juyi,
sai ga butar shayinmu, a karkace.

Yau tun asuba muna bakin gada.
Ni a mota, bargo biyu, injin yana ɗumama ƙafata.
Shi a waje, sanyi na cizon kunne,
batir na biyu a hammata don kada ya daskare,
ga katin da shan wuta kamar ba gobe.

Hoton farko: takalminsa.
Na biyu: kogi yana tururi kamar tukunya.
Na uku, gauraki tara a tsaye cikin ruwa,
kowanne kan ƙafa ɗaya, irina.

Katin yana da iyaka, mun auna.
Taku goma sha biyu daga murfin mota.
A na sha uku zoben ya yi ta juyi a banza,
sai in ƙwanƙwasa gilashi da zoben hannuna,
ba na taɓa oda, kada tsuntsaye su watse.
Ya waiwayo. Ya ja baya taku ɗaya.

Wuri mai kyau yana can gaba,
inda samari suka jera dogayen madubai.
Daga inda yake, wani reshe
sai ya sa hannu a kowane hoto.
Na fara sabawa da reshen.

Ɗan aiken nan ba shi da kunya,
ba ya zaɓe, ba ya rufa asiri.
Rabin fiffike. Wuya ba kai.
Ruwa kawai, tsuntsu ya riga ya tashi.
Ashe sau tara yake kuskure kafin ya dace,
ashe abin da ya riƙa kawo mini a ambulan
ɗaya ne cikin goma,
sauran shi da sanyi suka sani.

Kotoha ta bugo jiya,
wai sababbin kyamarori suna jefa hoto nesa,
har daga wani gari.
Na ce a bar mana wannan.

Rana ta fito, gauraki sun yi gona.
Yana tahowa yana hura yatsu,
zoben kuma bai gama juyi ba.
Mota ce, gilashi ya yi gumi,
wata tsohuwa ta sunkuya kan haske,
gashinta a taje, tsagar a karkace.